Allurar HPV: a kai ta har aji, amma kada a tsare ƙofar lakwal da ita

Magana biyu ake yawan cakuɗawa idan an taso da batun allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda likitoci ke kira allurar HPV. Ɗaya ita ce a bi ƴan mata har cikin aji a yi musu. Ɗayar kuma a kafa doka cewa duk yarinyar da ba a yi wa ba, ba za a rubuta ta lakwal ba, ko ba za ta wuce aji na gaba ba. Ta farko ina bayanta ba wata-wata. Ta biyu kuwa, a jihar Damagaram dai, garin neman gira ne za a rasa ido. Masu kiran a yi ta niyyarsu mai kyau ce, sai dai lissafin wata ƙasa suke yi da ƴaƴan wata.

HPV ƙwayar cuta ce mai iri fiye da 200, kuma yawancinsu ba sa komai. Kamar 14 ne ke iya kai mutum ga sankara. Biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa a duniya. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano su a 1983 da 1984, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta, ko da haɗuwar fata da fata ce kawai a gaba, kuma yawanta ya kai hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke cewa kusan duk wanda ya taɓa saduwa zai gamu da ita wata rana. Wannan ya kamata a faɗe shi da babbar murya a garinmu: matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka, shi kansa mijin bai san yana ɗauke da ita ba, don ga namiji galibi ba ta nuna alama. Inda ake aure a fita a sake wani, inda mace ke da abokan zama, ƙwayar na zagayawa cikin halal ba tare da kowa ya aikata laifi ba.

Cikin mutum goma da suka ɗauka, jikin tara kan kawar da ita da kansa kafin shekara biyu. Ta goman ce abin ji. Ƙwayar sai ta yi zamanta a bakin mahaifa tana sauya fatar wurin sannu a hankali, shekara 15 zuwa 20, ba ciwo ba zazzaɓi. In garkuwar jiki ta yi rauni, shekara 5 zuwa 10 ta isa. Mace mai ɗauke da ƙwayar sida ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa da wannan sankara. Ranar da alama za ta fito, jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini ga wadda ta riga ta daina, ruwa mai wari, ciwon ƙugu da ba ya jin magani, sau da yawa abin ya yi nisa. Ga kuma doguwar hanyar da ake bi kafin a iso gidan likita: a ce sanyi ne a jiƙa saiwa, a ce basir ne, a ce jifa ne, wata shida ya wuce, shekara ta wuce. A 2022 mata kusan 660,000 suka kamu a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu ƴan ƙasashe marasa ƙarfi ne da masu matsakaicin hali.

Idan sankara ta wuce matakin aiki, sai gashi da na'ura haɗe da magani ta jijiya. Cibiyar gashin da ƙasa ta buɗe a 2021 tana Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, kuma ba zuwa ɗaya ba ne: kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, sati biyar ko shida. Tun 2007 doka ta ce jinyar sankarar mata kyauta ce. To amma doka ba ta biyan kuɗin mota daga Dungas ko Gure, ba ta ba da masauki, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta riƙe yara biyar da aka bari gida. Shi ya sa darajar allura ɗaya a hannun ƴar shekara goma ta fi yawa a nan bisa ga Paris.

Ita allurar an fara yin ta a Amurka a 2006. Babu ƙwayar cuta a cikinta, mai rai ko matatta. Ɓawon ƙwayar kaɗai ake kwaikwayo, wani furotin da ake kira L1, wanda a Gardasil, ɗaya daga cikin allurorin HPV, cikin yis ake noma shi, a haɗa da ɗan gishirin alminiyom don jiki ya farga. Jiki ya ga ɓawon ya tanadi garkuwa, ranar da ta gaskiyar ta zo sai ta tarar da ƙofa a rufe. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, dalilin ke nan da ake son a yi ta tsakanin shekara 9 da 14, tun kafin aure. An daɗe ana cewa sai an jira shekaru kafin a ga ko da gaske tana hana sankara. An jira, an gani. A Suwidin, binciken da aka buga a 2020 kan mata kusan miliyan 1.7 ya nuna waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarinsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari. A Ingila, na 2021 ya sami ragin kashi 87 ga waɗanda allurar ta riska suna shekara 12 zuwa 13. Da farko sau uku ake yi, aka koma biyu, sai gwajin da aka yi a Kenya ya nuna allura ɗaya tak tana kare kusan kashi 98 daga zaman ƙwayar 16 da 18. A Disamban 2022 OMS ta amince da ɗaya ga ƴan shekara 9 zuwa 20, ban da masu raunin garkuwa, su sai biyu aƙalla, uku in da hali. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne gare mu, don wahalar da can ita ce sake samun yarinyar bayan wata shida, lokacin ta tafi ƙauye, ko an cire ta, ko an ɗaura mata aure.

Nijar tana cikin ƙasashe takwas na farko da Gavi, ƙungiyar da ke taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi samun rigakafi, ta zaɓa a 2013 don gwada yadda za a kai allurar ga ƴan mata. Senegal ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a 2018, Burkina Faso a 2022, Mali a 2024. Najeriya ta fara ranar 24 ga Oktoban 2023, da Kano da Jigawa a rukunin farko. Wato ƴan matan Maigatari da Ɓaɓura, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da iyayensu, muke aurayya da su, ba baƙon abu ba ne gare su.

To me ya sa ba za a tilasta ba, tunda tana da wannan amfani? Hujjar masu son doka ba ta banza ba ce. Suna cewa yarinya ba ta da laifi don ubanta ya ji jita-jita, kuma ita za ta biya da ranta bayan shekara ashirin, lokacin shi wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Suna cewa doka na sa mai sakaci ya motsa, tunda yawancin waɗanda ba a yi wa ba mantuwa ce da shagala ta hana, ba ƙiyayya ba. Suna kuma cewa abin da hukuma ta wajabta, mutane na ɗaukarsa da muhimmanci. Duk gaskiya ne, a inda ya dace.

A Amurka aka fara wannan gardama. A Fabrairun 2007 gwamnan Texas, Rick Perry, ya sa hannu kan umarnin wajabta allurar ga ƴan matan aji shida. Nan da nan aka bankaɗo cewa tsohon shugaban ma'aikatan ofishinsa yana yi wa kamfanin da ke yin allurar kamun ƙafa, majalisar jihar ta soke umarnin cikin ƴan watanni, aka bar allura mai kyau da tabon siyasa na shekaru. Virginia da birnin Washington sun yi tasu dokar, amma sun bar ƙofar fita a buɗe ga duk uban da ya ƙi, kuma binciken da aka yi bayan wasu shekaru bai ga sun zarce jihohin da ba su da doka ba. Rhode Island, wadda ta haɗa da yara maza a 2015, ta ga ƙari, sai dai can dama suna sahun gaba. Ƙasashen da suka fi kowa cin nasara kuwa ba da doka suka ci ba. Ostareliya tun 2007, Birtaniya tun 2008, allura suke kaiwa makaranta tare da neman yardar iyaye. Ruwanda a 2011 ta bi ƴan matan aji shida na firamare, ta sa ma'aikatan lafiya na ƙauye suka nemo waɗanda ba sa zuwa, ta kai kashi 93 cikin ɗari, a zamanin da sai an yi sau uku. Ita kanta Faransa da ta wajabta rigakafi 11 ga jarirai a 2018 ba ta sa HPV ciki ba. Da ta fara kai ta aji na 5e, wato aji biyu na sakandare, a 2023, izinin iyaye ta nema.

Dokar hana shiga makaranta tana aiki ne inda uba ke tsoron a mayar masa da ƴa gida. Sai a tambaya, a ƙauyukan Magarya, Mirya da Matamai, uba nawa ne wannan zai tsorata? Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mata 76 cikin ɗari a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, 28 cikin ɗari kafin 15, kuma a jihar Damagaram na kafin 18 ɗin ya kai 87. Duk wanda ya taɓa duba rajistar makarantar ƙauye ya san yadda sunayen ƴan mata ke cika shafi a CI, ajin farko na firamare, su yi ta zubewa har a iso CM2, ajin ƙarshe. Mushe da madam da iyaye mata na AME, ƙungiyar uwayen ɗalibai, lallashi suke yi kullum don a bar yarinya ta ƙara shekara ɗaya. Hukuma ma sai da ta fitar da doka ta musamman a Disamban 2017 don a riƙe ƴa mace a makaranta. Yanzu a zo a ce wa uban da dama da ƙyar ya yarda: ko allura ko gida. Zai ce alhamdu lillahi, gida. An ba shi hujjar da bai da ita jiya, kuma da hatimin gwamnati. Yarinyar ta rasa allura, ta rasa karatu, aurenta ya matso kusa, wato haɗuwarta da ƙwayar ta matso kusa tun bakin mahaifarta bai gama ƙwari ba. Hukuncin ya sauka kan wadda aka ce ana karewa.

Akwai kuma batun adalci. Dussa ko mashaƙo a iska suke tafiya. Yaro ɗaya ya shigo aji da su, ya harbi na kusa da shi kafin a tashi. Hana shi shiga don kare sauran abu ne mai ma'ana. HPV ba a ɗaukarta a benci, ba a ɗaukarta a moɗar shan ruwa. Yarinyar da ba a yi wa ba ba ta cutar da kowa a aji, saboda haka korarta matsi ne zalla a kan iyayenta, ba kariya ga ƴan ajinsu ba. Iyaye kuma ba wawaye ba ne, suna gane bambancin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da tilas ke yi wa amana. Ba mu manta 2003 ba, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano har kusan shekara guda bisa zargin yana hana haihuwa, cutar ta tsallako mana iyaka, ta bazu ƙasashe da dama. Har yau akwai gidajen da ba su gama warkewa daga wannan zargi ba. Sai ga allura ta ƴan mata kaɗai, a daidai shekarun da ake shirin aurar da su, kyauta, daga waje, a ƙasar da kullum ake yi mata gorin yawan haihuwa. In an ƙara da cewa dole ce, an gama rubuta wa masu jita-jita huɗubarsu. Kuma wutar ba ta tsayawa kan HPV, tana cin rigakafin jarirai ma. Japan mai arziki da ilimi ta ɗanɗana rushewar amana: a Yunin 2013 gwamnati ta janye kiran da take yi wa iyaye su kai ƴaƴansu allurar HPV bayan hotunan ƴan mata masu rawar jiki sun cika talabijin, adadin waɗanda ake yi wa ya faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da 1, ba a dawo da kiran ba sai Afrilun 2022. Akasin haka mun gani da idonmu: allurar sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara a 2010, layi mutane suka yi da ƙafarsu, don sun san cutar kuma sun san masu yi.

Wajibcin, a ganina, kan hukuma ya kamata ya hau, kuma ga abin da ya ƙunsa.

Farko lissafi. Majo, shugaban CSI, wato gidan likita na yanki, da daraktocin makarantun yankinsa su zauna da rajista, daga CE2, aji huɗu na firamare, zuwa 5e, su fitar da sunan kowace yarinya ƴar 9 zuwa 14. Da yawa ba su da takardar haihuwa. Kada wannan ya zama dalilin mayar da kowa, a yi amfani da aji da abin da uwa ta faɗa. Waɗanda ba sa makaranta sai wakilan lafiya na unguwa sun bi gida-gida tare da mai gari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ƙiyasin ofis a raba allura da shi, sai wani CSI ta yi masa yawa har ta lalace, wani ta ƙare da hantsi a mayar da yara. A ce an ƙirga 400: kwalba mai allura ɗaya ana ƙara kashi 5 na asara, ke nan 420, sirinji mai kulle kansa na mililita 0.5 a ƙara kashi 10, ke nan 440. Kwalin zubar da sirinji ɗaya ga kowane ɗari, ke nan 5.

Sai sanyi. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, kuma abin mamaki a ƙasa mai zafi irin tamu, daskarewa ta fi zafi kashe ta. Alamar zafi da ke jikin kwalbar Gardasil, murabba'i a cikin da'ira, tana jure kwana 30 a digiri 37 kafin ta ƙone. Muddin murabba'in ciki ya fi da'irar waje haske, tana nan da ƙarfinta. Amma in ta daskare sau ɗaya, gishirin alminiyom ya dunƙule, ta tashi aiki, kuma alamar ba za ta nuna komai ba. Yadda abin ke faruwa: ma'aikaci na tsoron ranar Tanut, sai ya ciro robobin ƙanƙara daga firji ya jera su kai tsaye jikin kwalabe. Daidai shi ne a ajiye robobin waje har ƙanƙarar ta fara narkewa, in an girgiza a ji ruwa na motsi, sannan a sa. In ana shakka, a ɗauki kwalba ɗaya daga rukunin a daskarar da ita da gangan dare guda, a bari ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe cikin haske. In garin da ke cikin wadda ake zargi ya kwanta da sauri kamar na daskararriyar, ta lalace. Allurar da ta daskare ba lalle ta nuna alama a jikin yarinya ba, shi ya sa ba wanda ke kama laifin; yarinya na da kati, ba ta da kariya.

Lokacin yi ma lissafi ne. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin sauro ke cin kasuwarsa, kuma cikin kowace ƴan mata dubu wasu za su kwanta a satin, an yi musu allura ko ba a yi ba. In an yi, allurar za a ɗora wa. Afrilu da Mayu zafi ne da suma. Nuwamba zuwa Janairu ya fi: an gama girbi, lakwal ta zauna, gari da sanyi, in dai azumi bai faɗo ciki ba.

Ranar allura, da safe za a yi, bayan an tabbatar kowace ta sha koko ko fura. A keɓe aji ɗaya mai labule, mai yin allura mace in da hali, don yarinya ƴar sha uku ba za ta ɗage hijabi gaban mushe da samarin taga ba. Kada layi ya tsaya yana kallon wadda ake yi wa. A girgiza kwalba, a ja mililita 0.5, a zaunar da yarinya, a soka a tsokar dantse a miƙe, a jefa sirinji kwali ba tare da mayar da murfi ba. Daga nan ta zauna kan tabarma, bayanta jingine da bango, minti 15 cur, da babba a kanta. Wannan minti 15 shi ne abin da gaggawa ke fara ci, kuma shi ne mafi tsada. Ƴan wannan shekaru suna suma don tsoron allura, kowace iri ce. Suman ba komai ba ne, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafu, ta farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu. Faɗuwar ce haɗari: a Oktoban 2023 wani ɗalibi kusa da Nantes a Faransa ya suma bayan allura, ya faɗo daga kujera ya bugu a kai, ya rasu. Suma kuma tana yaɗuwa ta ido. A garin Carmen de Bolívar na Kolombiya a 2014 ɗaruruwan ƴan mata suka yi ta zubewa, bincike bai sami komai a allurar ba, amma rigakafin ƙasar ya durƙushe. A nan, inda in ƴan mata uku sun faɗi a aji ake cewa iska ce, kuma waya na hannun kowa, bidiyon daƙiƙa talatin ya isa ya zagaya WhatsApp daga Zango zuwa Kano kafin azahar. Mummunan ƙin jinin allura, mai toshe numfashi, bai wuce kamar 2 cikin miliyan ba, amma duk da haka ƙungiyar da ba ta da adirenalin, maganin gaggawa na wannan ƙin jinin, a akwatinta kada ta buɗe kwalba. Ciwon hannu, ɗan kumburi, ciwon kai ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu kuwa, a gaya wa uwa tun kafin ta gani.

Yarda ita ce inda makaranta ke da tarko. A Indiya a 2009 da 2010, wani aikin gwaji a jihohin Andhra Pradesh da Gujarat ya bari shugabannin ɗakunan kwana suna sa hannu a madadin iyaye. Da wasu ƴan mata suka rasu, duk da bincike ya nuna ba allurar ba ce, wannan sa hannun ya isa ya rusa aikin, Indiya ta yi asarar shekaru. Takardar faransanci da za a ba yarinya ta kai wa uban da ba ya karatun boko, ta dawo da dangwalen yatsa, ba yarda ba ce. Sati biyu kafin ranar a tara iyaye ta hannun COGES, kwamitin kula da makaranta, maza daban mata daban, majo ko ungozomar likita ta tsaya da kwalbar a hannu a yi ta tambaya. A sanar a masallacin Juma'a da rediyon gari, bayan an zauna da limamai da fadar Sarkin Damagaram da hakimai tun kafin a sa rana, ba bayan rigima ta tashi ba. A tuna da ƴan riƙo: wadda ke hannun gwaggo ko kaka, wa ke da ta cewa? Wanda ya ƙi a rubuta sunansa da dalilinsa, a koma masa bayan wata ɗaya da wanda yake jin maganarsa. Ita ma yarinyar a tambaye ta, kada a danne ta.

Tambayoyin iyaye ba su da yawa, kuma suna da amsa. Tana hana haihuwa? An raba fiye da allura miliyan 500 tun 2006, kwamitin OMS mai bin lafiyar rigakafi ya duba wannan zargi bai ga alaƙa ba, kuma ƴan matan farko na Ostareliya da Ruwanda yau iyaye ne. Mai raba mace da haihuwa ita ce sankarar, don maganinta cire mahaifa ne ko gasa ta. Me ya sa mata kaɗai? Don allurar ba ta wadata ba a duniya, kuma su ke mutuwa. Tana kare maza ma daga sankarar maƙogwaro da ta gaba da ta dubura, Ostareliya tun 2013 take yi musu, kuma ranar da ta wadata yi wa maza zai kashe rabin zargin. Tana buɗe wa yarinya ido? Binciken da aka yi kan ƴan mata kusan 1,400 a Amurka, aka buga a 2012, bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa da sauran. Akwai haram a ciki? Abin da ke cikin Gardasil a rubuce yake, furotin daga yis, gishiri, alminiyom, histidin, polisobet, borat da ruwa, a karanta wa malam ya yi hukunci da saninsa.

Duk wannan na ƴan aji ne, alhali waɗanda suka fi kusa da haɗari suna waje: mai tallan goro a kasuwar Dole, ƴar makarantar allo, ƴar makiyaya a rijiyoyin Tesker da Belbeji, amaryar shekara sha huɗu. Dokar lakwal ba ta san da su ba ko kaɗan, kuma tana iya sa adadin ofis ya yi kyau alhali an bar su. Islamiyyar yamma da ta dare na tara ƴan matan da boko bai taɓa gani ba, a je can da yardar malam. A ajiye teburi ranar kasuwa. Makiyaya a same su lokacin rigakafin dabbobi. Wadda aka riga aka aurar a yi mata, don da wuya ta haɗu da dukkan nau'o'in. Mai ciki a bari sai ta haihu, amma ba a bukatar gwajin ciki kafin allura, kuma in an yi ba a sani ba ba a ga wata illa ga jariri ba. Tambayar yarinya gaban mutane ko tana da ciki kuwa ita kaɗai ta isa ta kori unguwa guda.

Uwar da ta rako ƴarta kada ta koma hannu rabbana. Allura ba za ta amfane ta sosai ba, dubawa ce tata: a shafa ruwan asid asetik mai kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, in wuri ya yi fari a ƙone shi nan take da ƴar na'ura mai batir, digiri 100, daƙiƙa 20 zuwa 30. Daga shekara 30 ake farawa, 25 ga mai ƙwayar sida. Burin da OMS ta sa a 2020 ƙafa uku gare shi, ƴan mata 90 cikin ɗari da allura, mata 70 da dubawa, masu cuta 90 da magani, kuma matar da aka duba aka ƙone mata tabo ba ta bukatar wani ya yi mata wa'azin allurar ƴarta.

In dai sai an rubuta doka, ga wadda zan sa wa hannu. Darakta ya tambayi katin allura ranar rubuta yara da ranar shiga 6e, ajin farko na sakandare, ya rubuta wadda ke da shi da wadda ba ta da shi, ya karɓe su duka. Ya miƙa wa CSI sunayen cikin sati biyu. CSI ya iso makarantar kafin wata uku, da man babur da kuɗin ma'aikata da aka ware tun farkon shekara. Kowane yanki na likita ya liƙa adadinsa a bango gida biyu, ƴan lakwal daban, waɗanda ba sa zuwa daban, tare da yawan waɗanda suka ƙi da dalilansu. Makarantar da shekara ta ƙare ba a je mata ba, shugaban likitocin yankin ne zai amsa tambaya gaban gwamna.